Mesar Dunƙule a Gidan Bature: Cimarta, Azuminta da Ladabin Ɗaukarta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da kan biyo baya idan aka ji murya daga bayan ɗaki ta ce, "Maciji!" Mata su kwashe 'ya'ya, samari su rarumo sanda da taɓarya, tsofaffi su shiga ta'awizi, kuma ba mai tsayawa tambayar ko mai dafi ne ko marar dafi sai bayan an farfasa masa kai. Ba kuwa za a ga laifinmu ba, domin mutanen da kububuwa ke kashe wa manoma a kowace damina, har ta kai an keɓe asibiti sukutum a Kaltungo saboda saranta, ba su da sararin yin bincike a kan nasabar abin da ke jan ciki. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa a Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai dubban gidaje waɗanda a cikinsu mutum kan sayi maciji da kuɗinsa, ya gina masa ɗakin gilashi, ya ja masa lantarki, ya raɗa masa suna, sa'an nan ya ware wani sashe na firjinsa domin ajiye matattun ɓeraye, cimar baƙon nasa. Mamakin zai ƙaru idan aka ce masa macijin da ke sahun gaba a gidajen nan ɗan ƙasarmu ne.

Ƙaramar mesa ce, ba irin ƙatuwar nan da ke haɗiye ɗan akuya a bakin fadama ba. Wani malamin halittu na Ingila, George Shaw, shi ya shigar da ita cikin littattafan ilmi a shekarar 1802, kuma sunanta a wurin masana Python regius. Mazauninta ya faro daga Senegal, ya ratso Ghana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru, ya dangana da Sudan ta Kudu da Uganda. Ba ta da dafi ko kaɗan. Tsawon babbarta galibi daga santimita 90 zuwa 150 ne, mace ta fi namiji girma, kuma jikinta gajere ne kakkaura mai zanen baƙi da ruwan ƙasa, abin da ya sa manomi cikin firgita kan ɗauke ta kasa ce ya sauke mata fartanya. Ɗabi'ar da ta shahara da ita kuwa, wadda Amurkawa suka ciro mata suna daga gare ta, ita ce idan ta tsorata ba ta fasa kai, ba ta kai sara, sai ta nannaɗe jikinta ta cusa kanta a tsakiya, ta zama curi guda kamar ƙwallo, har yaro zai iya mirgina ta a ƙasa. Don haka a wannan maƙala mesar dunƙule zan kira ta.

Daga ƙasashen da fataken goro suka riƙa ratsawa a hanyar Gwanja ake kwasarta. Tun daga 1975, shekarar da yarjejeniyar CITES mai sa ido a kan cinikin namun daji ta fara aiki, an fitar da fiye da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, mafi yawansu daga Togo da Benin da Ghana. Mafarauta kan tone ramuka a ƙarshen rani su kamo mata masu ciki da ƙwayaye, a ƙyanƙyashe, a sayar wa dillalai a birane irin su Lome, a zuba 'ya'yan a jirgin sama. A garin Wida na Benin, inda ɗakin bautar mesa yake fuskantar babbar majami'ar Katolika, da wasu sassan ƙasar Ibo kamar Idemili, mesa abar girmamawa ce wadda ba a kashewa. Wannan wani babi ne dabam. Abin da ya dame mu a nan shi ne yadda halittar da Allah Ya tsara wa zaman ramin ɓera take ci, take kuma jure wa hannun ɗan Adam, bayan an kai ta ƙasar ƙanƙara.

Lalle ba za a fahimci mas'alar ciyar da ita ba sai an san yadda take a dajinta. Wuninta a ɓoye take, cikin ramin gafiya ko gindin suri, inda zafi da danshi ba su cika sauyawa ba, sai magariba ta yi take leƙowa, ta ajiye kai a bakin rami tana dako. Ba ta bin abinci da gudu. Tana zaro harshenta mai baki biyu ta ɗebo ƙamshin iska ta kai shi wata gaɓa a ganɗarta, wadda ke tantance mata abin da ya gitta, kuma a leɓenta na sama akwai jerin ƙananan ramuka masu jin ɗumin jikin dabba, ta yadda ko cikin baƙin duhu ɓera yana bayyana gare ta tamkar garwashi a toka. Wasu masana biyu 'yan Italiya, Luca Luiselli da Francesco Angelici, sun bincika cikin waɗannan macizai a kudu maso gabashin Nijeriya, suka buga sakamakonsu a 1998, inda suka nuna cewa maza sun fi cin tsuntsaye, mata kuwa sun fi cin ɓeraye da danginsu, alamar cewa namijin kan hau bishiya fiye da yadda masu kiwo suka daɗe suna zato.

Idan abinci ya zo kusa sai ta cafke shi da haƙoranta masu lanƙwasa baya, ta naɗe shi cikin ƙiftawar ido. An daɗe ana cewa shaƙe numfashi take yi, wasu ma su ce karya ƙasusuwa, amma gwajin da Scott Boback da abokan aikinsa suka yi a Amurka suka buga a 2015, a kan wani maciji mai matsa irin tata, ya nuna cewa jini ne take tsayarwa: cikin daƙiƙa 6 ƙarfin bugun jinin ɓera ya faɗi da rabi. Haka nan maganar da ake yi cewa muƙamuƙinta gocewa yake yi ba ta da asali. Haɓarta dai tsagi biyu ce, da jijiya mai miƙewa a tsakani, kowane ɓari yana tafiya shi kaɗai, wannan ya ja, wancan ya ja, har ta sa abincin cikin bakinta kamar yadda ake sa ƙafa a safa, alhali bakin maƙogwaronta ya turo gaba domin kada numfashi ya yanke.

Amma babban abin al'ajabi yana faruwa ne bayan haɗiya, kuma a kansa aka gina dukkan ƙa'idojin kiwonta. Stephen Secor da Jared Diamond sun shafe shekarun 1990 suna nazarin 'yar'uwarta mesar Bama, suka gano cewa a tsakanin ci da ci mesa kan kashe wutar cikinta ɗungum: tumbi ya daina fitar da ruwan narkarwa, hanji ya shanye ya motse, domin kada ta yi asarar ƙarfi a kan murhun da ba tukunya. Da zarar abinci ya shiga sai komai ya farka a lokaci guda. Ruwan tumbi ya yi kaifin da zai narkar da ƙashi, nauyin ƙaramin hanji ya ninka cikin kwana biyu ko uku, kuma iskar da jikinta ke sha, idan abincin ya yi girma ƙwarai, takan haura ninki 40, alhali ɗan Adam in ya cika cikinsa da tuwo ƙarin da yake samu bai wuce rubu'i ba. Wato macijin da ka gani kwance shiru bayan ya ci, kamar ba ya komai, aikin da yake yi a ciki ya fi na mai sassabe. Kuma da yake jikinsa ba ya haifar da ɗumi irin namu, wannan aiki ba ya yiwuwa sai da zafi daga waje. In wuri ya yi sanyi, abincin zai ruɓe kafin ya narke.

Daga nan ne za a gane hikimar abin da ƙwararrun masu kiwo suke yi. Sukan sa ɓangare ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya ɓangaren kuma 24 zuwa 27, da na'urar daidaita zafi don kada ta ƙone, da danshin iska kimanin kashi 60 cikin 100 ko sama, da maɓoya biyu matsattsu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi. In ka duba da kyau, ramin ɓeran Togo ne ake sāke ginawa da kuɗin lantarki. Game da girman abinci, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kaurin ɓera ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin mesar. Jaririya ana ba ta duk kwana 5 zuwa 7, matashiya duk kwana 7 zuwa 10, babba kuwa sau ɗaya a mako biyu, ko uku, ko ma huɗu. A nan ne sabon mai kiwo kan faɗa israfi, domin mutumin da ya saba da kyanwa da kare zuciyarsa ba ta yarda cewa dabba za ta kwana ashirin ba ta ci ba kuma a ce ba a zalunce ta ba, sai ya riƙa ɗura mata, wasu kuma da gangan suke yi domin ta yi saurin isa haihuwa su sami riba. Ƙarshen abin kitse ne ya lulluɓe hanta, jiki ya yi zagaye kamar tsiran alade maimakon ya ɗan yi tudu a gadon baya, rai kuma ya gajarta.

Akwai saɓani mai tsawo a tsakanin masu kiwo a kan ko a ba ta ɓera da rai ko matacce. Masu cewa a ba ta mai rai hujjarsu ita ce haka take ci a daji. Jamhurun likitocin dabbobi sun tafi a kan matacce, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, domin a daji ɓera yana da hanyar gudu, mesa ma tana da ikon ƙyale shi, amma a cikin akwatin gilashi an kulle maƙiya biyu ne a ɗaki guda. Idan ba ta jin yunwa, abin da za ta yi shi ne ta dunƙule, ɓera kuwa in dare ya yi masa tsawo sai ya hau gwaguyarta, kuma likitoci sun sha ganin macizan da aka cinye musu naman baya har ƙashi ya bayyana. Ga kuma haƙƙin shi kansa ɓeran, wanda ba dalilin da zai sa a tsawaita masa firgita.

Saboda haka aka sami wata sana'a wadda in an faɗa wa mutumin ƙasarmu zai ce tatsuniya ce: gonakin kiwon ɓera, inda ake kashe su, a jera su bisa nauyi tun daga jinjiri marar gashi har zuwa ƙato, a daskarar, a aika wa mai saye cikin kwali. Ranar ciyarwa sai a fitar da guda tun da wuri ya narke a hankali, sa'an nan a sa shi a leda a tsoma cikin ruwan ɗumi har jikinsa, musamman kansa, ya yi zafin mai rai, gama ramukan leɓen nan ba su san ɓera mai sanyi ba. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, domin takan dafa waje ta bar ƙanƙara a ciki, ko ta fasa shi. Bayan magariba, an rage haske, sai a riƙe shi da dogon hantsaki a ɗan motsa shi a gabanta. Hantsakin ba ado ba ne: hannun da ya taɓa ɓera yana da warin ɓera da ɗumin ɓera, kuma yawancin cizon da masu kiwo ke sha daga wannan kuskure yake fitowa. Cizon nata dai bai wuce yakushin ƙaya ba, a wanke da sabulu, sai dai in ta riƙe ba a fizge hannu, don kada haƙoranta su karye a cikin fata.

Sai kuma babin da ya fi kowanne hana masu kiwo barci, wato azuminta. Mesar dunƙule ta yi suna wajen ƙin ci ba tare da sanarwa ba. Wadda ta shekara tana karɓar ɓera ba fashi sai rana ɗaya ta dube shi ta kau da kai, ta yi wata biyu, ta yi huɗu, wata ma ta haura shida, mai ita yana zubar da ɓera bayan ɓera yana salati. Sau da yawa ba ciwo ba ne. Kakanninta sun saba shiga halwa a rami idan rani ya tsananta, kuma lokacin barbararsu yana faɗowa ne a watannin hunturu, shi ya sa balagaggun maza suka fi yawan kame baki daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ko da an haife su a Jamus ba su taɓa shaƙar ƙurar hunturunmu ba. Haka kuma idan za ta yi saɓa, fatarta ta dushe, idanunta su yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu nono, gani ya ragu, ba ta son abinci, ba ta son kowa. Abin da mai hankali ke yi shi ne ya ajiye zato ya ɗauki ma'auni: ya auna ta duk wata ya rubuta. In nauyi yana nan, ko ya ragu kaɗan, sai ya duba zafi da danshi da maɓoya, ya daina damunta, ya riƙa gwada mata abinci sau ɗaya a mako biyu. In kuwa ta zube da kimanin kashi 10 cikin 100, ko ƙashin baya ya fito, ko ana jin ƙara a numfashinta, ko yauƙi a baki, to magana ta koma ga likitan dabbobi. Ɗura mata abinci da ƙarfi, wanda gaggawa kan kai wasu gare shi, magani ne na ƙarshe, ba aikin ɗan koyo ba.

Akwai wata dabara da masu kiwo suke yi wa mai taurin kai wadda ta ba ni dariya da na fara jinta. Idan ta ƙi farin ɓeran Turai, sai su nemo mata wani ɓeran Afirka mai laushin gashi, mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, sau da yawa kuwa da ta ji ƙamshinsa sai ta buɗe baki, kamar Bakanon da ya shekara a Landan aka ajiye masa miyar kuka. Wannan ɓera ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da ta samo suna daga garin Lassa na jihar Borno a 1969. Waɗanda ake kiwo a can zuriyar keji ce da ta daɗe da rabuwa da daji. Illar dabarar ita ce mesar da ta saba da shi takan ƙi komawa ga waninsa, ga shi kuwa ya fi tsada.

Ladabin ɗaukarta ma daga cikinta aka ciro shi. Ba a taɓa ta sai an sami aƙalla awa 48 bayan ta ci, domin macijin da cikinsa ya yi nauyi ba ya iya gudu, kuma dabarar da aka halitta masa in ya ji abokin gaba ita ce ya amayar da abin da ya haɗiya ya tsira da ransa. Wannan amai ba ƙaramin al'amari ba ne: ruwan tumbi yana ƙona maƙoshi, jiki ya yi asarar abin da ya kashe wajen kunna wutar narkarwa, sai an bar ta kimanin mako biyu kafin a sāke gwada mata ɗan ƙaramin ɓera. Da wannan ne ake raunana al'adar da wasu ke yi ta ciro ta daga akwatinta a kai ta wani baho ta ci a can, wai don kada ta riƙa ɗaukar buɗe ƙofa alamar abinci. Ai in ta gama sai an ɗauke ta an mayar, an kuwa aikata abin da aka hana. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ranar da ba ta ci ba a fara shafa ta da ɗan sanda mai ƙugiya kafin a sa hannu, da sannu za ta gane cewa wannan taɓawa ba ta abinci ba ce. Sabuwar zuwa kuma a ƙyale ta mako ɗaya ko biyu, har ta ci sau biyu ko uku a jere. In za a ɗauka, daga gefe ake zuwa, ba daga sama ba, gama daga sama shaho ke zuwa. A tallafe tsakiyar jiki da hannu biyu, a bar ta ta riƙa zarcewa daga tafi zuwa tafi, ba a matse wuya, ba a kama wutsiya, ba a shafa kai, kuma minti goma ko sha biyar, sau biyu a mako, ya wadatar.

A nan ne nake da ja da masu tallarta. Suna cewa ita ce mafi sanyin hali a cikin macizai, har ma tana son a ɗauke ta, suna kafa hujja da cewa ba ta cizo. Amma wanda ya ga yaro ya ƙudundune a lungu ya rufe kansa da hannuwa ba zai ce yaron ya natsu ba. Dunƙulewar nan da ta sa aka so ta, wadda ake ɗaukar hotonta ana yaɗawa, ita ce iyakar kururuwar da wannan baiwar Allah take iya yi. Alamar natsuwarta dabam ce: jiki a sake, tafiya a hankali, harshe yana fita jefi-jefi cikin tsanaki. In kuwa jiki ya sandare, ko wuya ya lanƙwashe ya ja baya, ko ta yi huci, ko ta riƙa neman zillewa, to cewa take yi a mayar da ita. Tana iya sabawa da mai ita har ta daina ganinsa abin tsoro, wannan kuwa ba kaɗan ba ne, amma naɗe hannunsa da take yi riƙo ne irin na mai tsoron faɗuwa, da kuma neman ɗumi. Haƙurinta ne ma ya ja mata wani zaluncin, domin manyan masu kiwo kan jera ɗaruruwa cikin durowoyin roba marasa haske, inda ba ta iya miƙe jikinta, su ce ai dabbar rami ce. Wani nazari da aka yi a birnin Munich na Jamus aka buga a 2021 ya gwada gida iri biyu, ya tarar cewa in an ba ta fili da reshe da kwamin ruwa tana hawa, tana wanka, tana shan ɗumi, ta durowa kuwa yawan motsinta goga baki ne a bango tana neman mafita. Hukuncin ajiye maciji a gida na bar wa malamai, amma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ya isa nuna cewa wanda ya kulle mai rai ya ɗauki amanarsa.

Shi ma mai kiwon yana da nasa haɗarin, ba daga haƙori ba, daga ƙazanta. Macizai da sauran masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ɓerayen firji ma haka. A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi diddigin ɓarkewar wannan cuta a jihohi 21 har zuwa daskararrun ɓerayen ciyar da macizai. Don haka wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa wajibi ne, ba a narkar da ɓera a kwanon girki, ba a sumbatar maciji, kuma hukumar tana gargaɗin a nisanta shi da yaran da ba su kai shekara 5 ba.

Kasuwar launi ta ƙara wani rikicin. Tun da Bob Clark ya samar da zabiyar mesa a hannu a 1992, masu kiwo suka shiga tseren haɗa iri, har launuka suka kai dubbai. Ɗaya daga cikinsu, mai zane kamar saƙar gizo-gizo, yana zuwa da lahani a cikin kunne wanda ke sa kai rawa da karkacewa, har wata takan kai cafka ta kuskure ɓeran da ke gabanta. Wata babbar ƙungiyar masu kiwon a Ingila ta hana sayar da irin a bajekolinta tun 2018, amma a wasu wuraren ana nan ana cinikinsa.

Saurayin da ya sayi jaririyar mesa yana ɗan shekara ashirin, sai ya sani cewa mai yiwuwa ne ya yi furfura yana narkar mata da ɓera, domin a hannun mai kula takan yi shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka an yi wata da aka kawo a 1961, ba a ko raɗa mata suna ba, lamba kawai aka ba ta. A watan Yuli na 2020, tana da kimanin shekara 62, bayan ta haura shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba, masu kula da ita suka buɗe akwatinta suka tarar ta naɗe ƙwai bakwai.